Kunnen Ɗakin Wasa

Ba don kiɗa aka gina ɗakin ba. Wannan ita ce maganar da nake fara gaya wa duk baƙon da ya shigo da wayoyi a kafaɗa yana yatsina fuska. Rufaffen ɗakin wasanni ne, na ƙwallon kwando da ƙwallon hannu da judo: rufin kwano can sama, bango siminti, wurin zama siminti hawa-hawa. In ka tsaya a tsakiyar fili ka tafa hannu sau ɗaya, sai ya dawo maka sau uku. Ni aka ɗauka in kula da shi, in buɗe in rufe, in sa a share, in san wace fanka ce ke juyawa, wace ce ta mutu tun zamanin da. Na haura shekara ashirin a wannan aikin, amma har yau in aka tambayi 'yan uwana a unguwarmu ta Ɗan Iya me nake yi, sai su ce aikin gwamnati, su canza magana.

Masu kiɗa daga baya suka fara zuwa. Ina nufin masu yawo gari-gari da babbar mota, masu jitar lantarki da ganguna jere a gaban mutum ɗaya, irin kiɗan da yara ke kira rok. Wasu daga Jos, wasu daga Legas, wasu 'yan Nijar masu rawani waɗanda ba ka ganin haƙorinsu sai sun sauka daga dandamali. Sukan taso daga Abuja su ƙare a Yola, mu muna tsakiya, kwana ɗaya tak ake ba mu. Da hantsi motar kaya ta iso, kafin azahar an kafa dandamali an jera lasifikoki, bayan la'asar a buɗe ƙofa ɗaliban makarantun unguwar Yelwa su cika ɗakin, ana idar da isha'i an fara naɗe waya. Bauchi ba ta raba dare a kan jita. Washegari sai ni da masu shara da ledojin ruwa.

Tsakanin azahar da la'asar suke gwajin sauti, lokacin babu 'yan kallo. A nan aikina na biyu ya samo asali, wanda babu shi a takardar ɗaukata aiki. Na farkon da ya zo, wani ɗan Legas mai haɗa sauti, saura kaɗan ya yi kuka. Mawaƙi ya faɗi kalma ɗaya, bango ya maimaita masa, ganga ta biyo baya ta tattake komai. Na tsaya ina kallonsa yana ta murɗe-murɗe a teburinsa mai maɓallai, wanda suke kira miksa, har haushi ya kama ni, don yana zagin ɗakina da Turanci yana zaton ban ji ba. Na je sito na jawo tsofaffin katifun judo da bargunan da 'yan wasa suka bari, muka rataye su a bangon baya. Sautin ya kwanta. Ya dube ni kamar na yi masa tsafi, ni kuwa ba wani ilimi gare ni ba, na dai lura tuntuni cewa ranar da aka jingine katifun a bango usur ɗin alƙalin wasa ba ya damun kunne.

Daga nan na koyi sauran da kaina, a tsaye a bakin lasifika shekara da shekaru. Na gane cewa ɗakin da babu kowa maƙaryaci ne. Abin da ka ji da rana ba shi za ka ji ba in mutane sun cika, saboda jiki yana shan sauti, tufafi ma suna sha. Mutanen Bauchi kuwa sun fi na Legas yawan ƙyalle a jiki, ga manyan riguna ga mayafai, don haka in ka daidaita murya da rana ta yi maka daɗi, da yamma ba abin da za a samu daga mawaƙi sai buɗe baki. Baƙo bai san wannan ba. Ni na sani, kuma na san wurare huɗu da ɗakin yake ɓoye halinsa: ƙarƙashin allon maki, saman matakalar gabas, bakin babbar ƙofa, da kusurwar can sama inda kwano yake yoyo da damina.

Sai abin ya zama al'ada. Su fara kiɗa, ni in bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, in juya wa dandamali baya in rufe ido, don ido yana ruɗin kunne. In kana kallon bakin mawaƙi sai ka ɗauka kana jinsa. In murya ta yi ƙasa, in juyo in kama maƙogwaro. In ganga ta yi yawa, in daki ƙirji. In komai ya zauna, in ɗaga hannu a buɗe ba tare da na juyo ba. Akwai kuma alama ta huɗu, wadda ta fi duka muhimmanci: in juya yatsa a gefen kunne. Wannan alamar fito ce, siririyar ƙarar nan da ke tashi in makirufo ya kama muryar lasifika. Fiton yakan fara kamar kukan sauro a kusurwar yoyo, tun mai miksa bai ji shi a ƙasa ba, in ba a tare shi ba ya girma ya tsaga kan kowa. Ni nake kama shi tun yana ƙarami.

Madam ce ta raɗa mini suna. Ita ce mace ɗaya da na taɓa gani a bayan miksa, gajeriya, da wando da aski irin na maza, tana tafiya da wata ƙungiyar masu jita su bakwai da ke zuwa mana kusan duk shekara. Iyayenta 'yan kudu ne, ubanta ya yi shekaru yana sayar da kayan wuta a gefen Kasuwar Muda Lawal, a Yelwa aka haife ta, daga baya ta koma Legas. Hausarta ta Bauchi ce tsaf, irin wadda ake ji a cikin keke napep. Ran da ta fara ganin yadda nake yi, ta cire abin sauraro daga kanta ta ce da mutanenta, "Wannan Baba shi ne kunnen ɗakin. In bai ɗaga hannu ba, ba mu gama ba." Tun daga ranar har sauran masu haɗa sauti, da yake duk sun san juna, in sun sauko daga mota sai su ce ina kunnen yake.

Zan faɗi gaskiya, abin ya shige ni fiye da yadda ya kamaci mutum mai furfura. A lokacin matata ta riga ta rasu, 'yata tana aure a Gombe, ɗana yana Kaduna, sai ran salla yake kira. Ina zaune a ɗakin baya na gidanmu na gado, matan ƙannena suna aiko mini tuwo a rufe, su gaishe ni daga bakin ƙofa. Ba wanda yake wulaƙanta ni, ba kuma wanda yake tambayata me na gani a kan komai. In za a gyara katanga ko a sa ranar biki, sai an gama nake ji. Amma a ɗakin wasa, na awa ɗaya da rabi, sau biyar ko shida a shekara, mutanen da suka zaga ƙasar nan sukan tsayar da kiɗa su ɗaga kai suna jiran hannuna. Ranar nakan sa farar riga, in shafa turare, masu shara su yi ta tsokanata wai ango ya fito.

Fito ya saba bina gida bayan kowane wasa, ya kwana a kunne, da safe ya tafi. Wata rana bai tafi ba. Na ɗiga man zaitun, na ɗiga na habbatussauda, mai kemis ya ba ni wani ruwa a 'yar kwalba, wanzami ya leƙa ya ce datti ne. Wata uku ana haka kafin na yarda na je asibiti. Likitan ya zaunar da ni a wani ɗan ɗaki, ya sa mini abin sauraro, ya ce duk sa'ad da na ji ƙara in danna. Na zauna ina jira ya fara, ashe ya daɗe da farawa. Ya ce siraran sauti sun tafi a kunne biyun, na hagu ya fi lalacewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Fiton da nake ji kuwa ba daga waje yake ba. Ya tambayi aikina, na gaya masa, ya ajiye biro ya ce, "Malam, ka nisanci lasifika, kuma ka gaya musu a wurin aiki." Na ce to. Na ninke takardar na cusa ta a aljihun wata rigar da ba na sawa.

Mutane suna zaton kurumta shiru ce. Ni dai tawa da surutu ta zo. Muryar mata ce ta fara guje mini. 'Yata ta kira, in ji tana magana amma kalmomin sun narke, in yi ta cewa "haka ne, haka ne", har ranar da ta gaya mini jikana ya kwana a asibiti na ce mata madalla. Ta kashe wayar, sai daga baya mijinta ya rubuto mini abin da ta ce. Daga nan ta rage kira, ni ma ban ga laifinta ba. A majalisarmu ta ƙofar gida, in mutum biyu suka yi magana tare, shi ke nan na ɓata. Sai in jira su yi dariya in yi, wani lokaci in makara. A masallaci na koma bin kafaɗar na kusa da ni don in san an yi ruku'u. Aka fara cewa tsufa ya sa mini miskilanci. Na bar su a haka, don na fi son a kira ni miskili da a kira ni kurma.

A ɗakin wasa kuwa ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, buɗe ƙofa da kulle ƙofa ba wanda zai ƙwace mini, amma hawa matakalar nan ya ƙare, kuma shi kaɗai ya rage mini. Ganga har lokacin ina jinta a ƙirji, babbar jita mai kaurin murya tana zuwa mini ta tafin ƙafa ta cikin siminti. Sauran kuwa na haddace: na san a ƙarƙashin allo kullum murya ce ke kasawa, a bakin ƙofa kullum ganga ce ke yawa. Ƙungiya biyu suka zo suka tafi ina ba su alama da ka, ba wanda ya gane, mai haɗa sautin ɗaya ma har rungume ni ya yi. Sai na fara ganin likitan nan ya cika zuzuta abu.

Da damina Madam ta zo da mutanenta. An kwana ana ruwa, kunnena tun safe yake fito fiye da kullum, haka yake yi in gari ya yi sanyi. Muka rataye katifu, ta ba ni goro yadda ta saba duk da ita ba ta ci, suka fara. Na yi allon maki, na yi matakalar gabas, na yi bakin ƙofa, lafiya lau. Na hau kusurwar yoyo, na kauce wa bokitin da muke tarar ruwa, na juya baya na rufe ido.

Fiton ya ƙaru. Na ji shi, wallahi na ji shi, amma na ce a raina kunnen nan yau da rigima ya tashi. Wata da watanni ina koya wa kaina in yi banza da shi, in saurari abin da ke bayansa, kuma na ƙware. Ganga tana zuwa daidai a ƙirji, ƙafata tana jin jita. Na ɗaga hannu a buɗe, na riƙe shi a sama yadda za su gani sosai.

Sai siminti ya daina motsi a ƙarƙashina. Na juyo. Mawaƙin yana durƙushe ya toshe kunne da hannu biyu, mai ganga ya yar da sanduna, mata biyu masu shara sun kai bakin ƙofa da gudu. Madam ta riga ta ja komai ƙasa, tafin hannunta biyu a kan miksa, amma ni take kallo. Fiton da na ɗauka nawa ne, ashe na ɗakin ne, ya tashi a kusurwar da nake tsaye, ya girma a kaina har ya kai ƙasa. Hannuna kuma yana sama har lokacin, na manta ban sauke ba.

Madam ba ta tona ni a gaban mutane ba. Ta sa aka matsar da makirufo, suka ƙarasa gwajin ba tare da ni ba. Ina sito ina ninke bargunan da ba su bukatar ninki ta shigo ta tura ƙofa. Ta tsaya a haguna ta yi magana, inuwarta kawai na gani. Sai ta zagayo gabana ta ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kunne."

Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce mata wayoyinta ne ruɓaɓɓu, na ce tun tana firamare nake ɗakin nan, na ce in ba ta iya aikinta ba kada ta ɗora wa tsoho. Ina jin da ƙarfi nake magana, don mai ciwon kunne ba ya sanin tsayin muryarsa, na ga ta ɗan ja baya. Ta bari na gama, ta ce, "To Baba, yi haƙuri." Ta ciro wasu 'yan robobi biyu masu laushi, irin waɗanda mutanenta ke toshe kunne da su, ta ajiye a kan bargo ta fita. Da aka buɗe ƙofa jama'a suka shiga, ni ina waje ƙarƙashin darbejiya tare da masu keke, karo na farko da aka yi wasa a ɗakin ba na ciki. Da suka gama lodi ban je sallama ba.

Na zauna jiran labari ya zaga. Waɗannan mutanen waya ɗaya ce tsakaninsu, na tabbata kafin ƙungiya ta gaba ta iso an gaya musu kunnen Bauchi ya mutu. Sai ga 'yan Jos sun zo bayan salla, mai haɗa sautinsu ya sauko yana washe baki yana cewa ina kunnen yake. Ba ta faɗa ba ke nan. Wannan ya fi mini nauyi, don yanzu ni ne zan zaɓa. Na ce masa gwiwa ta matsa mini, ba na iya hawa. Na rataye musu katifu, na gaya masa ya ƙara murya fiye da yadda ransa ke so, na koma sito na ja ƙofa. Haka na yi wa na bayansu, da na bayan na bayansu. Ina zaune a kan buhun raga, bango yana rawa a bayana, ina cewa a raina yanzu da ina allon maki, yanzu da na kai ƙofa. Farar rigar ta koma ƙasan akwati. Masu shara suka daina tsokana, su ma sun ga babu fuska.

Shekarar nan ita ce mafi tsawo da na yi, kuma ba abin da ya faru a cikinta da zan iya ba da labari. Nakan buɗe ɗakin da safe, 'yan ƙwallon kwando su zo su yi ta gudu ina ganin kumatun kocinsu suna kumbura a kan usur, in rufe, in hau keke in koma Ɗan Iya, in ci tuwo ni kaɗai. Na taɓa yin kwana huɗu ban yi magana da kowa ba in ban da amsa gaisuwa. Na yi kewar matata a shekarar fiye da shekarar da ta rasu, don da tana raye, da ta gane tun ranar farko, da ta zauna a hannun damana ta riƙa maimaita mini abin da aka ce ba tare da kowa ya lura ba.

Da damina ta zagayo, motar su Madam ta sake tsayawa a ƙofa. Na yi niyyar in ba ta haƙuri in ɓace, har na shirya kalmomin. Ba ta ba ni dama ba. Ta miƙo goro, ta tambayi mutanen gida, duk tana tsaye a gabana sosai tana kallon fuskata. Da hantsin na ga tana zagaya ɗakin da wani allo mai haske a hannu, ya ɗan fi waya girma, tana tsayawa nan da can, ban kawo komai a raina ba. Bayan azahar mutanenta suka hau dandamali, sai ta juyo ta nuna mini matakala da baki. "Baba, hau mana. Muna jira."

Ya kamata in ce gwiwa. Amma daɗin da ya kama ni, ban san inda zan sa shi ba. Na ce a raina wataƙila ta ɗauka kuskuren rana ɗaya ne, wataƙila ma da gaske wayoyin ne. Na tafi ƙarƙashin allon maki da rigata ta aiki mai datti. Wannan karon ban juya baya ba, ban rufe ido ba, tsoro nake ji. Suka fara. Na kama maƙogwaro, don a nan kullum murya ce. Madam ta gyaɗa kai ta sunkuya kan miksa. Mawaƙi ya sake ɗaukar waƙar, na ɗaga hannu, su bakwai suka gyaɗa kai.

Saman matakalar gabas yana daidai kan teburinta, daga nan kana ganin hannun mai miksa kamar kana leƙa tukunya. A da, baya nake juyawa, ban taɓa kallo ba. Da na hau can, na sake kama maƙogwaro. Ta gyaɗa kai, ta kai hannu, yatsunta suka yi gaba a hankali. Na daɗe ina ganin teburan nan, na san in an ƙara murya ɗan maɓallin yakan matsa sama. Babu abin da ya matsa. Yatsunta a iska suke, tsakaninsu da teburin akwai kaurin ɗan yatsa.

Na ce ko idona ne. A daidai lokacin mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki gorar ruwa yana sha, jita kaɗai ke tafiya. Sai na daki ƙirji, sau biyu, da ƙarfi: ganga ta yi yawa. Madam ta ɗaure fuska irin ta mai aiki, ta gyaɗa kai, ta kai hannu ɗaya gefen ta ja iska ƙasa. Mai gangar, da gora a bakinsa, ya ɗaga mini babban yatsa. Mawaƙin ya ɗago yana jira, sauran ma haka, duk fuskokin nan a sama, ba mai dariya. Ashe duk sun sani. Ta gama daidaita sautinta tun hantsi da allon nan mai haske, ta kuma zaunar da su ta gaya musu yadda za a yi da tsoho.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in sauka in kifar da teburin, in ce mata ni ba yaro ba ne da za a lallaɓa. Na dafa ƙarfen matakala na tsaya, ban san tsawon lokacin ba. In na sauka da faɗa, na san inda zan koma, sito ne da ƙofa a rufe. Su kuma suna nan tsaye, mutum bakwai da Madam, jitoci a wuya, ba wanda ya duba agogo.

Na ɗaga hannu a buɗe. Na sauka na tafi bakin babbar ƙofa, na saurari abin da ba na ji, na ɗaga. Na hau kusurwar yoyo, gwiwar da na yi ta ƙarya da ita ta fara ciwo da gaske, na tsaya daidai tsawon lokacin da na saba tsayawa, na ɗaga. Mawaƙin ya ce wani abu a makirufo, suka tafa.

Da na sauko Madam tana naɗe wata waya a gwiwar hannu. Ta zo gabana, ta buɗe baki sosai yadda zan karanta, ta ce, "Mun gode, Baba. Yanzu ya zauna." Na dube ta, ta dube ni, na san ta ga inda idona yake sa'ad da nake saman matakala. Kunya ta rufe ni, ita ma na ga idonta ya kawo ruwa, ta juya tana gyara wayar da ba abin da ya same ta. Sannan ta sake juyowa ta ce baɗi ma suna nan tafe da damina, ko zan hau musu.

Na ce in Allah ya kai mu zan hau.